Na je ganin 'yan kaboyi a Fort Worth, na tarar da makiyaya

Tun muna yara a Kano, idan aka ce kaboyi, abin da ke zuwa mana shi ne Bature mai malafa da bindiga a ƙugu, yana sukuwa yana harbi. Da wannan hoton na shiga Stockyards, tsohuwar karar shanu ta birnin Fort Worth a jihar Teksas, ranar wata Asabar da ɗan yayata da ke karatu a can ya ce, "Kawu, yau sai ka ga shanun Amurka."

Kullum sau biyu ake koro garke a titin Exchange, ƙarfe 11:30 na safe da 4:00 na yamma, kuma kallo kyauta ne. Shanun ba su kai ashirin ba, cikin 'yan mintuna sun wuce, saboda haka a je da wuri a kama wuri. Amma ƙahonsu! Namu na Rahaji sama yake miƙewa, nasu kuwa gefe da gefe yake buɗewa, har wani ya fi tsawon mutum. Masu korar suna bisa dawaki, sanye da kayan zamanin da, babu ihu babu duka, sai tafiya a natse. Bayan an gama na tsaya da ɗaya daga cikinsu, ya amsa tambayoyina da sakin fuska, ya nuna mini sirdi da igiyar zarge.

A nan na gane kaboyi ɗan ƙwadago ne. Bayan yaƙin basasar Amurka ya ƙare a 1865, sa a Teksas bai wuce dala 4 ba, a arewa kuwa yana kai dala 40. Sai aka riƙa ɗaukar samari su kora dubban shanu ta burtalin Chisholm zuwa tashar jirgin ƙasa ta Abilene a Kansas, tafiyar wata biyu ko fiye, kwana a daji, ƙura da tsallake koguna. Daga 1866 zuwa 1890 shanu fiye da miliyan 4 suka ratsa ta Fort Worth. Sana'ar ma a wurin makiyayan Meziko aka koye ta, kuma masana da dama na cewa kusan ɗaya cikin huɗu na masu korar baƙar fata ne. Silima ba ta taɓa nuna mana haka ba. Shi ya sa na daɗe tsaye gaban mutum-mutumin Bill Pickett, kaboyi baƙar fata da ya shahara da dirowa daga doki ya kama sa ta ƙaho ya kayar.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne yadda aka daina korar. Waya mai ƙaya, wadda Joseph Glidden ya yi wa rajista a 1874, ta shinge filayen kiwo, layin dogo kuma ya iso har Teksas. Duk wanda ya ga yadda gonaki ke cinye burtali a wajenmu, wannan labarin ba baƙo ba ne gare shi.

Da dare muka sayi tikiti muka shiga wasan rodiyo, wato gasar kaboyi da shanu da dawaki, a zauren Cowtown Coliseum, ginin 1908. Hawan sa na daƙiƙa takwas ya sa zuciyata ta tsinke, ni dai na fi son gasar zarge maraƙi, domin a nan ake ganin aikin kiwo na gaske.

Ƙorafina ɗaya ne: wani shago ya tsawwala mini kuɗin malafa, daga baya na ga irinta da rahusa a cikin gari. A riƙe ruwan sha, domin ranar Teksas ba ta da wasa, kuma a tambayi abin da ke cikin abinci kafin a saya, naman alade ya yawaita. In Allah ya sake kai ni, da yarana zan koma.