Ofishin da ya yi mini hidimar takardun tafiya koyarwa Ingila

Mutum uku ke nan suna tambayata lambar ofishin da ya riƙe mini takardu kafin in taho Ingila koyar da lissafi, kuma duk ukun na ce su dakata su ji yadda muka kwashe tukuna. Ba zan kama sunan wurin ba. Ofishin shirya tafiye-tafiye ne a cikin Kano, a saman bene, irin waɗanda asalin sana'arsu Hajji da Umara ce, daga baya suka ƙara layi ɗaya a ƙasan allo cewa suna taimaka wa masu neman aiki a waje.

Abin da ya kai ni can shi ne labarin da ya zagaye ɗakin malamai a farkon 2023. Daga watan Fabrairun shekarar, Ingila ta ba malaman Najeriya masu koyar da lissafi, kimiyya da harsuna damar neman QTS, wato shaidar ƙwarewar koyarwa ta ƙasar, tun suna gida. Ina da digiri, ina da rajistar TRCN, wato hukumar rajistar malamai ta Najeriya, na shekara bakwai a aji. Abin da ba ni da shi lokaci ne, ga makaranta ga yara biyu, ba zan iya jeka-ka-dawo tsakanin Kano da Abuja ba. Alhajin da ke da wurin ya ce, "Malama, ki kawo naira dubu 300 ki je ki yi barci." Kuɗin hidimarsu kawai ke nan, na hukumomi daban.

Zan fara da alherinsu. Akwai wani matashi a ofishin, ba zai wuce sa'ar ƙanena ba, shi ke zirga-zirgar Abuja. Ranar farko ya baje takarduna a tebur, ya bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ya ɗago ya ce, "Anti, ai ke mutum uku ce." A takardar WAEC sunan mahaifina Mohammed ne, a digiri Muhammad, a fasfo kuwa sunan maigida na saka bayan aure. Mu a nan ba ma ɗaukar wannan a bakin komai, kowa ya san duk suna ɗaya ne, amma wanda ke duba takarda a Ingila harafi yake karantawa. Yaron nan ya raka ni babbar kotu na yi takardar rantsuwa, ya sa aka buga sanarwar canjin suna a jarida, ya haɗa da takardar aure, ya kuma tabbatar sunan da ke NIN ya yi daidai da na fasfo. Cikin mako biyu aka gama. Da ni kaɗai ce, sai an dawo mini da takardu zan gane. Shi ne kuma ya bi mini takardar sakamakon jami'a da wasiƙar TRCN mai shaida cewa ba ni da wani tabo a aikin koyarwa, kuma duk inda ya biya kuɗi sai ya turo mini hoton rasit ta WhatsApp ba tare da na tambaya ba.

Inda suka ba ni kunya shi ne sanin wace takarda ke gaba, wace ke baya. A watan Oktoban 2023 Alhaji ya kira ni ya ce in yi maza in je Abuja gwajin tarin fuka, "gara a gama da shi tun da wuri." Ingila na buƙatar wannan gwaji daga duk ɗan Najeriya da zai zauna fiye da wata shida, kuma a asibitin da suka amince da shi kaɗai ake yi. Na ɗauki hutun kwana biyu, na hau mota, aka ɗauki hoton ƙirji, na karɓi takarda. A jikinta an rubuta cewa wata shida take aiki. A lokacin ko QTS ban samu ba, balle makarantar da za ta ɗauke ni. Takardar ta mutu a Afrilun 2024 tana cikin jakata, na sake tafiya, na sake biya. Da na yi ƙorafi Alhaji cewa ya yi, "Haƙuri za ki yi, Malama, ai lafiyarki aka duba." Ban san lokacin da na yi dariya ba, don takaici.

Haka suka so su tura ni ajin IELTS, wato jarrabawar gwada Turanci, na wani abokin hulɗarsu. Wata malama 'yar Ibadan da muka haɗu a layin asibiti ce ta faɗa mini cewa wanda ya yi digiri da Turanci zai iya neman Ecctis, cibiyar da ke tantance wa Birtaniya takardun karatun ƙasashen waje, ta tabbatar da hakan, ya gabatar wajen biza a madadin jarrabawa. Na duba shafin gwamnatin Birtaniya na ga haka ne. Mutanen ofishin ba su taɓa jin sunan ba.

Maganar "muna da makarantu a can" kuwa, ba su da ko ɗaya. Aikin ni na nema da kaina a shafin Teaching Vacancies na gwamnatinsu da kuma TES, wani shafin tallan ayyukan koyarwa. Na tura wa makarantu sama da ashirin, huɗu suka amsa, ɗaya ta sa na koyar da darasin lissafi na minti ashirin ta bidiyo, janareta na ruri a bayan taga. Makarantar da ta ɗauki mutum aiki ce ke ba da lambar ɗaukar nauyi, wadda suke kira CoS, kuma dole a nemi biza cikin wata uku da ba da ita. Ba ejan da zai iya samar da wannan lamba, duk wanda ya ce zai sayar miki da ita ki riƙe jakarki da kyau.

Ba su kuma shirya ni wa babban kuɗin ba. Kuɗin lafiya da ake biya tare da biza ya tashi zuwa fam 1,035 a shekara tun Fabrairun 2024, kuma na duk shekarun ake biya gaba ɗaya. Nawa na shekara uku fam 3,105 ne, a lokacin da fam ɗaya ke neman naira dubu biyu. Filin gadona na sayar. Shi ya sa na taho ni kaɗai, maigida da yara suka zauna sai na samu gida. Akwai kuma sharaɗin fam 1,270 su kwana 28 a asusu, sai dai makarantar ta ɗauke mini wannan. Takardar 'yan sanda mai nuna ban taɓa aikata laifi ba, wadda ake nema daga malamai, ita ma yaron nan ne ya tsaya a kanta har ta fito.

Da aka zo tikiti sai suka koma gwanaye, nan ne gidansu. Ƙarshen Agusta kujera ta yi tsada saboda ɗalibai. Alhaji da kansa ya zauna gaban kwamfuta ya jera mini hanyoyi: in sauka Legas in hau Air Peace zuwa Gatwick, ko in tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano in bi ta Alƙahira ko Doha. Ya lissafa mini kuɗin jirgin cikin gida da kwanan otal a Legas, ya nuna mini cewa arhar da nake gani ba arha ba ce. Na bi ta Doha da akwati biyu, ɗaya rabinsa littattafai ne da yaji.

Kafin in tafi na koma na nemi ya rage mini wani abu saboda gwajin da ya sa na yi sau biyu. Muka ja, muka ja, ya mayar mini da dubu 40, ya ce sauran ya riga ya shiga mai da albashi. Na zare dubu 10 a ciki na ba yaron Abuja a bakin matakala. Bana da azumi yayata za ta Umara, can na tura ta ta yanki tikiti.