Hular jariri ko 'yar tsanar maƙalin makulli: da wanne mai koyon kwarashi za ta fara?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata ƙanwarmu da ke Samaru ta kawo tambaya. Ta ce ta sayi kwarashi da zare, ba ta taɓa saƙa komai ba, kuma ranta ya biya da ƙananan 'yan tsanan nan da ɗalibai ke ratayawa a jikin makulli da zif ɗin jaka. Sai yayarta ta ce mata a'a, mai koyo da hular jariri take farawa, haka aka saba. Shi ne take so a gaya mata wanne ya fi dacewa da ita.

Ƙanwata, ni dai na fi so ki fara da maƙalin makullin, amma da sharaɗi, zan kuma zo kansa. Yayarki ma ba ta faɗi ba daidai ba, don haka bari in jera miki su biyun ki gani da idonki.

Tushensu ɗaya ne. Hular da ake saƙowa daga tsakar ka da 'yar tsanar duk da ɗan zobe ake farawa, a riƙa zagayawa ana ƙara ido, wato saƙa ɗaya-ɗaya da ake ƙirgawa, har da'irar ta buɗe. A hula, yawanci doguwar saƙa ake yi, wadda ake naɗo zare a kwarashi kafin a soka: ido 12 a zagayen farko, sai 24, sai 36, sai 48, daga nan a daina ƙari a yi ta sauka har ta rufe kunne. A 'yar tsana kuwa gajeriyar saƙa ce, wadda ba a naɗo zare kafin a soka, tun daga farko har ƙarshe: ido 6, sai 12, sai 18, sai 24, a yi zagaye biyar a kan 24 ɗin ba ƙari, sannan a fara ragewa zuwa 18, zuwa 12, zuwa 6, a tsuke bakin. Idan kika lissafa duka, ido 216 ne kacal. Hular jariri sabon haihuwa kuwa tana haura ido 400, kuma kowane ɗaya ya fi na 'yar tsanar cin zare. Wannan salon saƙa 'yan tsana a zagaye ana cusa musu abu a ciki daga Japan ya yi suna, amigurumi suke kiransa, kuma da wannan sunan za ki same shi a YouTube.

Inda suka rabu shi ne a hannu. Hula tana son sassauci. Kwarashi mai milimita 4 da zaren ulu mai laushi, hannu sake, ko da wani ido ya ɗan fi wani girma ba wanda zai lura, domin hula tana miƙewa ta bi kan yaro. Wannan ne hujjar yayarki, kuma hujja ce mai ƙarfi: hula tana yafe wa mai koyo. 'Yar tsana ba ta yafe sako-sako. Tunda za a cusa mata abu a ciki, dole idanun su matse da juna, in ba haka ba farin abin da kika cusa zai riƙa leƙowa ta kowace kafa. Shi ya sa ake ɗaukar kwarashin da ya fi wanda aka rubuta a takardar zaren ƙanƙanta: in an rubuta 4, ki ɗauki 3, ko ma 2.5. A ranakun farko babban yatsanki da manuniya za su yi tsami. Mafi yawan masu koyo suna ɗauka da ƙarfin jan zare ake samun matsin, sai su ja har kwarashin ya ƙi shiga idon da ke gaba. Ƙaramin kwarashi ne ke kawo matsi. Ke dai ki bar hannunki ya tafi a daidai.

To me ya sa duk da haka na zaɓar miki mai wuyar hannun? Saboda kuskure. Duk mai koyo sai ta warware, ba makawa, kuma yawan abin da za ki warware shi ke sa ki ci gaba ko ki jefa kwarashin cikin kwaba ki manta da shi. A hula, sau da yawa sai kin kusa gamawa za ki gane ta yi wa yaron kaɗan ko ta yi masa yawa. Kan jariri sabon haihuwa yana kai santimita 34 zuwa 35 a kewaye, kuma hannun kowace mace da nasa auna: ido 48 ɗina ba lallai ya zo daidai da 48 ɗinki ba. In ba ta shiga ba, aikin kwana biyu ya koma zare. 'Yar tsana ba ta da wanda za a gwada wa. Ta fito babba, maƙalin makulli ce. Ta fito ƙarama, maƙalin makulli ce. In kin ɓata lissafi a zagaye na huɗu, abin da za ki warware bai kai aikin minti goma ba. Zaren ma haka: dunƙule ɗaya mai giram 50 zai ba ki 'yan tsana da yawa, hula kuwa ita kaɗai za ta cinye mafi yawansa.

Sannan ta fi hula koyarwa. Hula tana koya miki ƙari kawai. 'Yar tsana tana koya miki ƙari da ragi da ƙirga, waɗanda su ne ginshiƙin duk wata saƙa mai siffa, daga safar jariri har jaka. Zagayen 'yar tsana ba a rufe shi, haka ake ta murɗawa sama, don haka ba za ki gane inda zagaye ya fara da ido ba. Ki maƙala fil a idon farko na kowane zagaye, ko ki ratsa guntun zare mai wata kala. Idan kin dawo kan fil ɗin, tsaya ki ƙirga. An ce 18, kin samu 17? Kada ki ce ai ɗaya ne. A abin da bai wuce girman lemun tsami ba, ido ɗaya yana karkatar da kai gaba ɗaya.

Akwai abubuwa biyu da nake so ki duba da kyau a hannunki. Idan kika kai zagaye na biyar, saƙar za ta fara lanƙwashewa ta zama ɗan kofi. Dubi ɓangaren da ke waje: in kin ga idanun sun jeru kowanne da ƙafa biyu masu haɗuwa a ƙasa, fuskar kirki ce a waje. In kuwa ƙananan layuka kika gani a kwance, ta juya, sai ki tura ta da yatsa ki mayar da cikin waje, jelar zaren farko ta koma ciki. Na biyu, wajen ragi. Kowane ido yana da zare biyu a samansa, na gaba da na baya. Ki zira kwarashi a na gaban ido ɗaya, ki zira a na gaban wanda ke binsa, ki ɗauko zare ki ratsa su biyun, sannan ki ƙarasa kamar kullum. Ragin zai ɓace, ba rami ba ƙullutu. Da wannan kaɗai aikinki zai fita daga sahun na 'yan koyo.

Wani abu kuma idan kina bin bidiyo: abin da 'yan Amurka ke kira singil, wato gajeriyar saƙar nan, shi 'yan Ingila ke kira dobul. Ki fara gane daga ina mai koyarwar take kafin ki bi lissafinta.

A wajen zare ma kowanne da nasa. Hula ulu take so, irin na roba mai laushi da ke cike a shagunan zare na Kasuwar Sabon Gari, domin yana da ɗumi kuma yana miƙewa. Maƙalin makulli kuwa rayuwarsa a aljihu da ƙasan jaka take, yana gogayya da makullai da canji, ga ƙurar hunturu. Ulu a irin wannan wahala yana tada gashi ya yi ƙulle-ƙulle. Zaren auduga ya fi jurewa, idanunsa suna fitowa ɓaro-ɓaro, ga shi yana wankuwa. In ulun kika riga kika saya, yi koyonki da shi, ba laifi. Abin da ban yarda ki fara da shi ba shi ne baƙi ko shuɗi mai duhu, da kuma zaren nan mai gashi lallausa da ake yayi. A cikinsu ba a ganin ido ko da rana, balle da dare in an ɗauke wuta. Ɗauki ruwan ɗorawa ko wata kala mai haske.

Hula ba ta buƙatar komai bayan zare. 'Yar tsana tana da 'yan tarkace: zoben ƙarfe, babbar allura mai faɗin kafa, da abin cusawa. Faibar da ake sa wa filo ita ce ta fi, tana wankuwa ta bushe da wuri ta koma yadda take. Mu a Zariya ba ma rasa audugar rimi, tana da laushi da rashin nauyi, amma sai kin tsince 'ya'yanta tas, kuma gashinta yana da santsi, yana iya sulalowa ta kafar saƙa in ba ta matse ba. Audugar gona tana dunƙulewa in ta sha ruwa. Ki fara cusawa tun kina kan ido 18 na ragi, kaɗan-kaɗan, kina turawa da gindin kwarashi. In kika bari sai 6, bakin ya riga ya tsuke.

Idanun fuska kuwa ki ɗinka su da baƙin zare. Garin da mata ke zaune a tsakar gida suna yi wa babbar riga aiki da allura, ɗinkin ido biyu da baki ba zai gagare mu ba. Akwai idanun roba da ake sayarwa, suna da kyau, amma makulli abin wasan yara ne a kowane gida, kuma duk abin da zai iya ɓallewa ba a barin sa kusa da yaron da bai kai shekara 3 ba. Na san kuma akwai 'yan'uwa da zuciyarsu ba ta kwanta da yin surar mai rai ba. Malamai sun yi magana a kai, ana kuma kawo hadisin 'yan tsanan Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda. Wannan ki tambayi malaminki. Lissafin nan na 6 zuwa 24 bai damu da fuska ba: ja da ɗan koren ganye a sama ya zama tumatir, ruwan goro ya zama lemu.

In kina tunanin sayarwa nan gaba, hula kasuwarta mai ƙarfi daga Nuwamba ce zuwa Fabrairu, sai kuma kayan barka da suna. Maƙalin makulli ba ruwansa da sanyi ko zafi, ga ki kuma a Samaru, ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello a ƙofar gidanki. Sai dai kuɗin guda ɗaya kaɗan ne, ribar tana cikin saurin hannu, saurin kuma sai a hankali.

Sharaɗin da na ce miki shi ne: ta farko ta zama dunƙule ɗaya. Kada ki ɗauko mai kai daban, jiki daban, hannu biyu, ƙafa biyu da kunnuwa, domin haɗa waɗannan gaɓoɓin da allura su zauna daidai ya fi saƙar kanta wuya. Yi ɗan tsako: ƙwallo ɗaya ruwan ɗorawa, ido biyu, ɗan baki da zare ruwan goro, shi ke nan. In kuma idonki ba ya son ƙaramin aiki, ko yatsunki na ciwo da ma, bi maganar yayarki ki yi hular, kya dawo kan tsakon daga baya.

Wajen ɗaura zoben kada ki maƙala shi a ido ɗaya na saman kai, nan ne yake fara tsinkewa. Ki ninka zare biyu a allura, ki soko ta ƙasan tsakon ta ratsa cikinsa ta fito a tsakar ka, ki zagaya zoben sau uku, ki mayar da ita ƙasa ta wata kafa kusa da ta farko, ki ƙulle sosai, sannan ki ja jelar ta shige ciki kafin ki yanke.