Ɓera babba sau ɗaya ko matsakaici duk sati: wanne ya dace da mesarka?

Ɗan'uwa, ka ce mesarka irin ƙaramar nan ce mai naɗewa kamar gammo ta ɓoye kanta idan ta tsorata, kuma da ka ɗora ta a sikeli ta kai giram 600. Mai kawo maka fararen ɓeraye yana da iri biyu, manya masu giram 150 da matsakaita masu giram 70. Kana so ka san ko ka riƙa ba ta babba ɗaya duk sati biyu ka huta, ko kuwa matsakaici duk sati.

Mu fara da babban. Giram 150 kwata ɗin nauyinta ne cif. Za ta iya haɗiye shi, wannan babu tantama, domin haɓar maciji ta ƙasa ɓari biyu ce, jijiya mai talewa ce ta haɗa su, shi ya sa take tura abinci ɓari bayan ɓari. Mu da muka tashi a Daura da labarin macijin rijiyar Kusugu, mun saba ɗaukar maciji a matsayin abin da ba ya gagara. To amma haɗiya daban, narkarwa daban. Jikin mesa ba ya samar da ɗumin kansa, da ɗumin wurin da take kwance take narkar da abinci, kuma tana son kusurwa mai zafin digiri 30 zuwa 32. Idan ɓeran ya yi mata yawa, ga sanyin asuba, sai ya fara ruɓewa a cikinta kafin ta gama da shi.

Na ga wannan da idona a hunturun da ya wuce. Na ba tawa ɓeran da ya fi ƙarfinta, ta daɗe tana fama da kafaɗunsa, fatar wuyanta ta miƙe har ana ganin tsakanin ɓawonta. Kwana uku ƙullutun yana nan bai sauka ba. A rana ta huɗu wari ne ya tashe ni, na tarar ta amayar da shi, gashin duk ya saɓule. Wallahi na ji tausayinta, kuma laifina ne. Amai yana ƙona mata maƙogwaro, dole na bar ta sati biyu babu ci, sannan na dawo mata da ɗan ƙarami. Hutun da na nema sai ya zama jinya.

Shi kuwa mai giram 70 kusan kashi 12 cikin 100 ne na nauyinta, kuma masu kiwo suna ajiye abincin mesa mai tasowa tsakanin kashi 10 zuwa 15 na nauyinta. Za ka ga ɗan tudu a tsakiyar jikinta bayan ta ci, cikin kwana biyu ko uku ya baje. Wahalarsa a kanka take: duk sati sai ka nemo, ko ka tara a firiza, ga wuta ba tsayawa take ba. Ni dai na zaɓi wannan wahalar.

Idan babu sikeli a kusa, ka ajiye ɓeran gefenta ka duba. Kaurinsa ya yi daidai da wurin da jikinta ya fi kauri, kada ya wuce sosai. Kuskuren da mutane suke yi shi ne auna shi da kanta. Kan mesa ƙarami ne, wanda ya bi shi zai yi ta ba ta jarirai har ta rame, ƙashin bayanta ya fito kamar tozo.

Akwai wani wurin da biyun suka sha bamban. Babban ɓera mai rai yana da haƙoran da za su huda mata fata ko ido, musamman idan ba ta jin yunwa aka bar su tare. Ka ba ta matacce da ɗan ɗuminsa, ka riƙo shi da dogon ƙarfe mai kama abu, ba da yatsunka ba. Kuma don Allah ka rabu da ɓeran gida da na rumbu komai arharsa. Wataƙila ya ci maganin ɓera, kuma irin ɓerayen nan masu nonuwa da yawa su ne ke ɗauke da zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno a 1969.

Ka tsaya a kan matsakaicin yanzu. Ka riƙa auna ta sau ɗaya a wata, kuma kada ka ɗauke ta sai kwana biyu bayan ta ci. Idan ta kai kilo ɗaya da rabi, lokacin mai giram 150 ya yi, amma sai ka tsawaita tsakani zuwa sati biyu ko uku, domin babbar mesa tana saurin yin teɓa. In ta ƙi ci a watan Disamba ko Janairu, kada hankalinka ya tashi, irinsu sukan yi haka. Ka ɗumama mata kusurwa ɗaya, ka bar ruwa a gabanta, ka sake gwadawa bayan sati guda.