Kisra, kawal da kindirmo: walimar tallafi a Gadarif

Matan wata unguwar Hausawa a Gadarif, a gabashin Sudan, sun baza tabarmi a farfajiyar makarantar allo suna sayar da abincin da ake tsimawa kafin a ci. Kuɗin da aka tara na takiyar unguwar ne, wato wurin dafa abincin sadaka, wadda ke ciyar da mutanen da yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya raba da gidajensu. Niyya ta yi kyau. Abincin kuma, wani ya ci sunansa, wani da sauran gyara.

Kisra, wato siririyar gurasar tsimammen ƙullun dawa, ita ce ta fi komai. Garin dawa mudu ɗaya, ruwa kusan ninkinsa biyu, a zuba ludayi guda na tsohon ƙullu a matsayin iri, a rufe ya kwana. Da zafin Gadarif awa 12 zuwa 18 sun isa. In ya zarce, tsamin ya kan kai ga ɗaure haƙori. In bai kai ba, kisrar ta fito da nauyi tana ƙamshin ɗanyen gari. Ta wannan rumfa an dace da ita. Dattijuwar da ke tuyar ta shafi doka, wato faffaɗan kaskon tuya, da tsumman mai, ta zuba ƙullu a gefe, ta ja shi da gargariba, wato ɗan abin da ake baza ƙullu da shi, sau biyu, kafin rabin minti gefen ya ɗago da kansa. Ka ɗaga ta kana hango hasken rana ta ciki. Wata yarinya ta miƙa hannu za ta ƙara ruwa a ƙullun, dattijuwar ta ce, "Bari, 'yar nan, in ya tsinke a doka zai manne."

Sai miyar kawal, wadda baƙo ke toshe wa hanci kafin ya nemi ƙari. Kawal ganyen tafasa ne, wannan dai da muka sani a ƙasar Hausa ana kwaɗonsa. A daka shi ɗanye, a danna cikin tulu, a binne tulun a inuwa, a rufe da ganyen dawa. Duk kwana 3 a buɗe a juya da hannu, bayan kamar mako 2 a cura a shanya. Mutanen Darfur da Kordofan sun daɗe suna sa shi a madadin nama. Ƙwallo ɗaya ya ishi tukunyar mutum biyar. Wanda ya zuba uku ya ɓata miyarsa da ɗaci. A nan an haɗa shi da busasshiyar kuɓewa, gishiri daidai, sai dai yashi kaɗan a ƙasan kwano, alamar an shanya a ƙasa ba a kan tabarma ba.

Daddawar batso, wadda ake yi da gurguzun yakuwa, 'yan Sudan kuma ke kira furundu, ta nuna sosai. Waina ta ɗan kwanta, don ƙullun ya wuce lokacinsa.

Inda aka yi sake shi ne wajen nono. An jera ƙwaryar kindirmo a rana tun hantsi, kafin azahar ya tsinke, ruwa a sama, tsami kamar tsamiya. Kuma ba kowace mai nono ce ta tafasa madararta ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin ɗanyar madara na ɗauko zazzaɓin da ake kira maltiya, tsami kuwa ba ya ba da tabbacin kashe ƙwayar. A tafasa, a bari ta huce har yatsa ya jure, a sa cokali biyu na tsohon kindirmo a kowace lita, a rufe awa 6 zuwa 8, sannan a ajiye ƙwaryar cikin ruwan sanyi a inuwa.

Kwalin da aka rataya a ƙofa ya ce duk abincin nan na ɗauke da ƙwayoyin halitta masu rai da ke gyara ciki. An zuzuta. Zafin doka da na tukunya ba sa barin mai rai a kisra ko miyar kawal. Kindirmon da ba a sake dafawa ba ne ke da su. Amfanin kisra daban ne: tsimawa na rage sinadarin dawa da ke hana jiki tsotsar ƙarfe, tsamin kuma na hana ƙwayoyin gudawa yaɗuwa a ƙullu. Mai hawan jini ya yi hattara da miyar da aka haɗa wa daddawa, gishiri da dunƙule gaba ɗaya.

Mai niyyar zuwa in an sake yi ya sammako, ya taho da kwanonsa mai murfi, don ledar da ake ƙulla kisra a ciki tana sa ta gumi ta manne. Busasshen kawal da daddawa su ne abin saye a kai gida, suna watanni ba su lalace ba in dai ba su sha laima ba.