Kwalbar shuɗin ruwa da ta hana a sauke min tof ɗin inji

Kayan gwajin nan ba su da wani kwarjini in ka gan su. Bututu ne mai haske da ake hango cikinsa, ƙasansa da bakin roba mai tsini, samansa da ƙwallon roba da ake matsawa, sai wata kwalba ta shuɗin ruwa. Aikinsu ɗaya ne tak, su gaya maka ko hayaƙin cikin silinda yana kutsawa cikin ruwan lagireto, wato ko gasket ɗin tof, shimfiɗar da ke tsakanin tof (murfin saman inji) da gangar jikin inji, ya ƙone. Na saye su ne bayan motata ta fara zafi, bakanike ya leƙa, ya matsa tiyo, ya ce, "Maigida, gasket ne, sai mun sauke tof." Ban ce ƙarya yake yi ba, don motar da ta yi zafi gasket ɗinta yana iya tafiya. Abin da ya hana ni amincewa shi ne alamun ba su haɗu ba. Baƙin mai yana nan da kalarsa, bai koma ruwan madara ba. Salansa ba ta fitar da farin hayaƙin nan mai ɗan ƙamshin zaƙi. Kuma allura tana hawa ne kawai in na tsaya a cunkoso, da zarar hanya ta buɗe sai ta sauko.

Yadda ake gwajin ba wuya, amma yana son natsuwa. Ana buɗe murfin lagireto tun inji yana da sanyi, ba bayan ya yi zafi ba, don ruwan da ke cikin matsi yana iya tsartuwa ya saɓule wa mutum fata. Sai a rage ruwan har ya sauka kamar santimita 5 zuwa 7 daga bakin, a tada mota a bar ta ta ɗumama har tamostat, bawul ɗin da ke sakin ruwa zuwa lagireto in inji ya ɗumama, ya buɗe. Daga nan a zuba shuɗin ruwan a bututu zuwa layin da aka shata, a dafe bakin robar a kan lagireto, a riƙa matsa ƙwallon na kamar minti 2. Iskar da ke saman ruwan lagireto ce ke bi ta cikin shuɗin ruwan. In akwai iskar kabon da wutar silinda ke fitarwa, sinadarin zai juya ya koma rawaya a injin fetur, a injin dizal kuma yawanci kore yake komawa.

Nawa bai motsa ba, shuɗi ya shiga shuɗi ya fito. Na sa yaron gareji ya taka totur ya riƙe, muka sake, babu canji. Bakaniken ya ce wataƙila ruwan ne ya mutu, kuma maganarsa da hujja, don sinadarin yana lalacewa in kwalbar ta daɗe a buɗe. Sai muka kai bututun kusa da bakin salansa muka zuƙo hayaƙi kaɗan, nan take ya rikiɗe ya zama rawaya. Ko numfashin mutum aka hura masa zai canza, tunda iskar iri ɗaya ce. Duk wanda ya sayi kayan ya fara da wannan, takardar bayanin da ke cikin kwalina ko ambatonsa ba ta yi ba.

To, a nan ne iyakar kayan take. Sun ce min ba hayaƙi a ruwa, ba su ce min ga abin da ke damun motar ba. Sauran binciken ido da hannu ne suka yi shi. Motar da ke zafi a tsaye ta huce a guje, iska ce ta rasa, don haka fanka ce abin tuhuma ta farko. Muka kunna na'urar sanyaya cikin mota, wadda a yawancin motoci take tada fanka nan da nan, shiru. Fis lafiyarsa ƙalau. Da aka ba fankar wuta kai tsaye daga batir sai ta juya da ƙarfinta, ashe rile ne, makunnin da ke sakar wa fanka wuta, ya mutu. Muka duba murfin lagireto kuma, robarsa ta bushe ta tsattsage. Mutane suna raina murfin nan, alhali lambar da ke kansa, 0.9 ko 1.1, matsin da yake riƙewa ce. Ruwa zalla yana tafasa a digiri 100, amma da wannan matsin sai ya doshi 120 bai tafasa ba. Inji mai lafiya kuwa yana aiki ne tsakanin digiri 90 da 105, ka ga murfin da ba ya riƙe matsi ya isa ya sa ruwa ya yi ta amai ta ƙaramin tanki ba tare da komai ya ƙone ba.

Da a ce ruwan ya koma rawaya, da lissafi ya canza gaba ɗaya, kuma na yi wannan lissafin tun kafin gwajin. Akwai maganin da ake zubawa a lagireto wai ya toshe tsagar daga ciki. Ni ban yarda da shi ba sai ga motar da ake neman ta kai mutum gida, domin abin da zai toshe tsaga yana iya toshe ƙananan bututun lagireto da na hita. Gyaran gaskiya shi ne a sauke tof, a kai shi a auna ko ya lanƙwashe, don na alminiyam ba ya jure zafi, a goge shi in da hali, a duba ko ya tsage, sannan a sa sabon gasket. A injuna da yawa har kusoshin tof sai an sake, saboda irin waɗanda ke miƙewa ne in an ɗaure su, ba a maimaita su. Wanda ya sa sabon gasket a kan lanƙwasasshen tof zai dawo gareji ba da jimawa ba. In kuma zafin ya kai ga tsage bulok, wato gangar jikin inji, sai maganar wani injin, a nan mutum zai tsaya ya auna kuɗin aikin da darajar motar kanta. Duk wannan tsadar tana rataye ne a kan amsar tambaya guda, ita ce kuwa kwalbar ta amsa.

Sai shawarar da aka ba ni kyauta, wadda na ƙi karɓa: a cire tamostat a jefar, wai shi ke riƙe ruwa. In ya maƙale a rufe, tabbas yana sa zafi, kuma ana gane shi, za ka ji inji ya yi zafi amma tiyon da ke kai ruwa lagireto bai ɗauki ɗumi ba. Ana iya cire shi a jefa a ruwan zafi a ga ko zai buɗe a digirin da aka rubuta a jikinsa, yawanci tsakanin 82 da 90. Maganin wanda ya lalace shi ne sabo. Injin da aka cire wa shi yana daɗewa bai ɗumama ba, ya ƙara shan mai, ya ƙara cinyewa, ainihin cutar kuma tana nan an dai lulluɓe ta.

Kayan suna da nasu aibin. Bakin robar bai zauna daidai a wuyan lagiretona ba, sai da mutum ɗaya ya danne shi wani yana matsa ƙwallon, in ba haka ba iskar waje ce za ta shiga ta ba ka shuɗin ƙarya. In kuma ruwan lagireto ya taso ya shiga bututun, kala za ta ɓaci, sai a zubar a wanke a sake. Babban abin lura shi ne rawaya hujja ce mai ƙarfi, amma shuɗi bai wanke gasket ɗari bisa ɗari ba. Akwai tsagar da ba ta buɗewa sai mota ta ɗauki kaya tana hawan tudu, akwai kuma wadda ke tsakanin hanyar mai da ta ruwa, babu ruwanta da hayaƙi. Shi ya sa motar da ke shan ruwa kullum ba a ga inda yake zuba ba, ko tiyonta ya yi tauri tun inji bai ɗumama ba, ya kamata a haɗa mata da famfon gwajin matsi da kuma awon ƙarfin kowace silinda.

Tun da aka sake rile da murfi, aka cika ruwa da maganin lagireto rabi da rabi, aka fitar da iskar da ta maƙale, allura ba ta sake wuce tsakiya ba, ko a cunkoson tsakar rana. Mai mota ɗaya sabuwa ba lallai ya sayi bututun gwajin ba, ya dai nemi a yi masa gwajin a gabansa kafin a taɓa kusa ko ɗaya ta tof. Mai tsohuwar mota, da mai shirin sayen ta hannu, da duk gareji, su ne ya kamata su ajiye shi. Bakaniken nawa ma ya riƙe bututun, ya ce in bar masa zuwa jibi, akwai wata motar da yake so ya gwada.