Ƙasusuwan Hope a Landan: ku hau bene ku kalle ta

Ranar Asabar na kai ɗiyata gidan adana tarihin halittu na Landan, wanda ke titin Cromwell, 'yar tafiya kaɗan daga tashar jirgin ƙasa ta South Kensington. Shiga kyauta ce, ko sisi ba mu biya ba.

Muna sa ƙafa a babban zauren Hintze ta ƙanƙame hannuna. A saman kanmu ƙwarangwal ɗin shuɗin kifin whale ne a rataye, baki wangame, kamar ya danno zai kamfaci abinci. Tsawonsa mita 25.2. Mace ce, sun raɗa mata suna Hope, wato kyakkyawan fata, don an kusa ƙarar da irinta da farauta kafin a hana. A 1891 ta maƙale a gaɓar Wexford ta ƙasar Ayalan, gidan ya sayi ƙasusuwan fam 250. Ta daɗe a wani zauren kafin a dawo da ita nan a 2017, inda Dippy, kwafin ƙwarangwal ɗin dinoso (wata ƙatuwar dabba ta zamanin da), yake a da.

"Baba, shi ne ya haɗiye Annabi Yunusa?" Na ce a'a, wannan ba ta ma da haƙori, ƙananan jatan lande take tacewa daga ruwa. Kuma sunan kifi kawai muke ba ta, haihuwa take yi ta shayar da nono.

Yawancin mutane a ƙasa suke tsayawa, su ɗauki hoto su wuce. Sun yi asara. Ku bi matakala ta wajen mutum-mutumin masanin kimiyya Charles Darwin ku hau bene, inda za ku yi daidai da ita. Daga can ne na ga ƙasusuwan fiffikenta, gaɓa-gaɓa, jere kamar yatsun hannu. Ɗiyata ta ware tafinta tana gwadawa, ni kuwa tasbihi kawai nake yi. Haƙarƙarin nan, mutum zai tsaya a cikinsa da tsayinsa. Mun fi rabin awa a jikin baranda.

Ƙarfe 10 na safe ake buɗewa, kuma da hantsi wurin ya cika, musamman lokacin hutun makaranta. Ku yi sammako, ku tanadi tikitin kyauta ta intanet tun daga gida. Mu dai mun sa ranar komawa, da mahaifiyarta wannan karon.