Wace manhaja ta dace da lissafin ruwan kogin Haɗeja da Jama'are?

Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974, aka ƙara ta Challawa a 1992, rabon ruwa tsakanin Kano da manoman fadama na Haɗeja da Nguru ya fi ƙarfin lissafin takarda da biro. Duk ma'aikata ko sashen jami'a da ke neman manhajar da za ta yi wannan lissafi, shawarata ita ce ya fara da SWAT.

Sashen binciken noma na gwamnatin Amurka ne ya samar da ita tare da jami'ar Texas A&M, kuma kyauta ce. Tana rarraba yankin da ruwansa ke gangarowa kogi gwargwadon irin ƙasa da abin da ake shukawa da gangaren wuri, sannan ta bi ruwan sama rana bayan rana: nawa ya nutse, nawa rana ta shanye, nawa ya isa kogi. Abin da ya fi jan hankalina shi ne tana bin laka da ragowar takin zamani da ruwa ke kwasowa daga gonaki, wato yawan ruwa da ingancinsa a wuri guda. Ana yawan sarrafa SWAT ta cikin manhajar taswira; wanda ba shi da kuɗin lasisin manhajar taswira ta ArcGIS sai ya ɗauki QSWAT, wadda ke tafiyar da SWAT cikin QGIS, manhajar taswira ta kyauta. SWAT tana da rauni a shimfiɗaɗɗiyar fadama irin ta Nguru, inda kachalla ta toshe hanyoyin ruwa har ya bazu yadda ya ga dama, haka kuma dattin majemun Sharaɗa da ke Kano sai an auna an shigar mata da hannu.

HEC-HMS ta injiniyoyin sojan Amurka ta fi dacewa da hasashen ambaliya. WEAP ta cibiyar muhalli ta Stockholm gwana ce wajen rabon ruwa tsakanin birni da gona, kuma ana iya jingina ta da SWAT. MIKE SHE ta kamfanin DHI na Denmark tana haɗa ruwan ƙarƙashin ƙasa, amma tsadarta da yawan bayanan da take nema sun fi ƙarfin yawancinmu.

Sai dai inda ake cutar mutane ya wuce zaɓin manhaja. Na ga rahoton wani ɗan kwangila cike da taswirori masu launi, an biya shi maƙudan kuɗi, amma da aka nemi ma'aunin kogin da ya gwada sakamakonsa da shi, babu ko ɗaya. Manhaja za ta fitar da lambobi ko da shara aka zuba mata. Saboda haka a tambayi mai aikin tashar da ya samo ma'aunin kogi, da shekarun da ya daidaita lissafi da su, da waɗansu shekaru dabam da ya gwada shi a kansu. Wanda ya yi duka biyun da shekaru ɗaya ya yi maguɗi. A duba makin Nash-Sutcliffe, wanda ke nuna yadda lissafi ya dace da ainihin ma'aunin kogi: 1 shi ne cikakke, ƙasa da sifili kuwa yana nufin matsakaicin ma'auni kawai ya fi lissafin nasa. Idan bayanan ruwan saman daga tauraron ɗan'adam ne, kamar CHIRPS da ya faro daga 1981, a nemi shaidar cewa an kwatanta shi da na tashoshin NiMet, hukumar hasashen yanayi ta Najeriya. A guji kwafin sata na manhajojin kuɗi, a kuma rubuta cikin yarjejeniya cewa sai ya miƙa fayilolin aikin gaba ɗaya kafin a biya shi kason ƙarshe.